Yadda Za Ka Gane A-Kori-Kurar Da Ta Fi Sauƙin Shan Gas

Duk wanda ya taɓa zama a tashar Jega ranar kasuwa ya san wannan gardamar. Wani direba zai rantse maka Hilux ɗinsa shinshinar gas kawai take yi, wani ya ce ai D-Max ba ta da ta biyu, na uku ya taso da zancen L200. Ka tambayi ɗaya daga cikinsu kilomita nawa lita guda take kai shi, sai ya ce, "Ai gas ɗin dubu ashirin nake sha, in je in dawo." Zuwa ina? Da lodi ko wayam? Nawa ya sayi litar a ranar? Daga nan magana ta watse.

Na daɗe ina jigilar albasa daga Aliero da shinkafa daga fadamar Argungu, kuma abin yana damuna in ga mutum ya tara miliyoyinsa da gumi ya sayi mota a kan jita-jitar majalisa. Gas, wato man dizal, an janye masa tallafi tun kafin a janye na fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Kowace lita daga aljihunka take fita. Gani ya kori ji, kuma auna yawan gas ɗin da mota ke sha ba ya buƙatar komai sai littafi, biro, waya da haƙurin mako biyu zuwa uku.

Fara da sanin injin da ke cikin kowace mota

Sunan da ke jikin bodi ba ya gaya maka komai. Hilux kaɗai injinanta na gas sun kai biyar a hanyoyinmu. Akwai tsohon 5L mai lita 3.0 wanda ba shi da tobo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, akwai 2KD mai 2.5 da 1KD mai 3.0 waɗanda ake rubuta wa D-4D, sannan 2GD mai 2.4 da 1GD mai 2.8 da suka fito daga 2015. Isuzu D-Max tana zuwa da 4JK1 mai 2.5 ko 4JJ1 mai 3.0, sababbi kuma har da ƙaramin 1.9. Mitsubishi L200 ta daɗe da 4D56 mai 2.5 kafin 4N15 mai 2.4. Ford Ranger akwai 2.2, akwai 3.2 mai silinda biyar. Nissan Navara tana da YD25. Land Cruiser mai bodi kuwa, mai injin 1HZ, lita 4.2 ce silinda shida, don haka kada ma ka ɗora ta a sikeli ɗaya da sauran.

A shafin farko na littafinka rubuta wa kowace mota injinta, giyar hannu ce ko otomatik, gida ɗaya ce (kujerun gaba kawai) ko gida biyu, mai ogzileri ce (taya huɗu ke ja) ko taya biyu kawai ke ja. Mota mai ogzileri ta fi nauyi kuma ƙarafan da ke juyawa a ƙarƙashinta sun fi yawa, saboda haka ko ba ka sa ogzilerin ba za ta ɗan fi 'yar'uwarta sha. Wanda ya ce "Hilux ta fi L200" bai faɗi wace Hilux ba, bai ce komai ba tukuna.

Mataki na ɗaya: tabbatar mitar kilomita ba ta yi maka ƙarya

Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, alhali duk lissafin a kansa yake zaune. Mitar juyin taya take ƙirgawa. Idan aka cire tayar da motar ta zo da ita aka sa mai girma, kowane juyi zai ci ƙasa fiye da yadda mitar ta sani. Ɗauki motar da ta zo da 205R16C aka mayar da ita 265/65R17, abin da samari ke so saboda kyau. Tsayin ta farko kusan milimita 734 ne, ta biyu kusan 776. Bambancin ya kusa kashi 6 cikin ɗari. Ka yi tafiyar kilomita 100, mitar ta rubuta maka 94, sai ka ɗora wa motar laifin shan man da ba ta sha ba.

Gyaran ba wuya. Buɗe Google Maps, ka sa tafiya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ko zuwa Jega, ka rubuta nisan da wayar ta nuna. Mayar da ƙaramar mitar tafiya zuwa sifili, ka bi hanyar ba tare da ratsewa ba. Idan ka isa, raba nisan waya da nisan mita. Waya ta ce 50, mita ta ce 47, amsa 1.06. Daga yau duk abin da mitar wannan motar ta nuna sai ka ninka shi da 1.06. Yi wa kowace mota nata.

Duba kuma ko mitar mil take ƙirgawa, domin akwai irinsu cikin motocin da ake shigowa da su na hannu. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne.

Mataki na biyu: cika tanki, ka ƙona, ka sake cikawa

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kai.

Allurar geji ba ma'auni ba ce. Tankin mota ba kamar jarka yake ba, yana da lungu da saƙo, shi ya sa allurar ke daɗewa a sama sannan ta rufto da gudu daga rabi. Lambar da sababbin motoci ke nunawa a gaban direba ita ma ƙiyasin kwamfuta ce. Awo na gaskiya guda ɗaya ne: daga cikakken tanki zuwa cikakken tanki.

Zaɓi gidan mai ɗaya, famfo ɗaya. Tsayar da motar a wuri guda, fuskarta na kallon gefe guda kowane lokaci, domin idan ƙasa ta ɗan karkata iska takan maƙale a tanki ta cinye wurin lita ɗaya ko biyu. Kashe inji. A zuba har famfo ya yanke da kansa. Gas yana kumfa fiye da fetur, kumfar ce ke sa famfo ya yanke da wuri, saboda haka ka dakata minti biyu ta kwanta, sannan a ƙara a hankali har ya sake yankewa. Tsaya a nan. Ban da jijjiga mota, ban da ɗurawa har wuya. Yadda ka cika yau, haka za ka cika a karo na gaba.

Wannan cikawar ta farko ba a lissafa litocinta. Ita ce layin farawa. Mayar da mita sifili, ka rubuta kwanan wata.

Yanzu yi aikinka har ka ci aƙalla kilomita 400 zuwa 500. Tankunan waɗannan motoci tsakanin lita 75 zuwa 80 suke, za su kai ka. Dalilin nisan shi ne kuskuren cikawa. A ce an samu kuskuren lita guda. Idan kilomita 50 kawai ka yi ka ƙona lita 5, wannan litar ta ɓata maka kashi 20 cikin ɗari na awon. Idan kilomita 500 ka yi ka ƙona lita 50, kashi 2 ne kacal. Awon ɗan zagayen gari ɓata lokaci ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan gas ya yanke maka a hanya ka ƙara, ba laifi, amma rubuta litocin da ka ƙara. Litoci nake nufi, ba kuɗi ba. Iyakar ƙoƙari ka guji 'yan bumburutu a kwanakin awo, domin galan ɗinsu ba kowane ne yake cika ba, kuma ba ka san abin da aka gauraya ba.

Ka dawo famfon nan naka, ka cika kamar yadda ka yi da farko. Litocin da suka shiga yanzu, haɗe da duk wanda ka ƙara a hanya, su ne abin da motar ta ƙona.

Wani abu da ya taɓa faruwa da ni: na auna wata mota sau biyu, sakamakon ya nuna tana sha fiye da kima, har na fara tunanin kwance nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin inji. Yaron motata ne ya ce, "Maigida, a gwada famfon nan mana kafin a taɓa inji." Muka je da jarkar da na riga na auna lita 20 na yi mata alama da fenti. Famfo ya nuna 20, gas bai kai alamar ba, ya rage kusan lita guda. Ashe motar lafiyarta lau. Tun daga ranar, kafin in amince da famfo sai na fara gwada shi da jarka, kuma ina ba ka shawarar haka.

Mataki na uku: daidaita hanya, lodi da direba

Ba adalci ba ne ka auna mota ɗaya a kwaltar Jega zuwa Yauri, ɗayar kuma a burjin ƙauyukan Suru da damina, sannan ka ce ka kwatanta. Dole su ɗanɗani wahala iri ɗaya. Idan motocin biyu suna hannunka, mafi kyau su tashi tare, su bi juna, su dawo tare. Direbobin su yi musaya a rabin hanya, domin ƙafar direba kaɗai tana iya kawo bambancin da ya fi na tsakanin inji da inji. Idan ba zai yiwu ba, direba ɗaya ya ja su a hanya ɗaya a ranaku mabambanta, amma a lokaci guda na yini.

Tafiya da dawowa duka za ka haɗa, don gangara da hawa da iska su biya wa juna.

Lodi kuma a auna shi. Buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi sauƙin lissafi: buhu 20 tan guda ke nan, kuma kusan iyakar abin da aka ƙera yawancin waɗannan motoci su ɗauka. Na san muna wuce haka, amma a ranar awo a tsaya a ƙa'ida. Buhunan albasa da na shanshera nauyinsu ba ɗaya ba ne, sai an ɗora a sikeli. Lura da tsayin lodi ma. Kayan da suka tashi sama da kan mota suna tare iska, kuma turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkuwa take yi: daga gudun 80 zuwa 120 ta ninka sau biyu da kwata. Ku yanke gudu guda, a ce 80 zuwa 90 a kwalta, kowa ya tsaya a kai.

Esi, wato na'urar sanyaya mota, ko dai a kunna a duka ko a kashe a duka. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ba mai kashewa, to a rubuta cewa a kunne yake. Rubuta kuma tsawon lokacin da inji ya yi yana silo, a bakin kasuwa ko a layin shingen bincike, domin a nan gas na tafiya mita kuwa tana tsaye. Iskar taya a duba ta da safe kafin taya ta yi zafi, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ke nuna ta lodi daban da ta wayam.

Ina raba awona gida uku: kwalta da lodi, kwalta babu lodi, da burji ko fadama. Kowanne sau uku idan hali ya yi. Motar da ta yi zarra a kwalta ba lallai ta yi a laka ba. Ƙaramin inji mai tobo yana da daɗin sha'ani a miƙaƙƙiyar hanya, amma idan aka danne shi da tan guda a cikin yashi, kullum totur a ƙasa, ratar da ke tsakaninsa da babban inji takan ragu sosai.

Mataki na huɗu: lissafi

Raba kilomita da lita. Ga misali da lambobin da na ɗauko don koyarwa kawai. Mota ta farko ta yi kilomita 486, bayan an gyara kuskuren mita, ta ƙona lita 54: kilomita 9 ke nan a lita. Ta biyu ta yi 462 da lita 44: kilomita 10.5 a lita.

Idan ka yi awo sau uku, kada ka haɗa amsoshin ka raba uku. Tara dukkan kilomitocin wuri guda, dukkan litocin wuri guda, ka raba sau ɗaya. Haka doguwar tafiya za ta samu nauyin da ya dace da ita.

Takardun kamfani sukan rubuta abin a juye, lita nawa a kilomita 100. Raba 100 da amsarka: 9 ya zama 11.1, 10.5 ya zama 9.5. A wannan salon ƙaramar lamba ce mai kyau. Idan kuma ka ci karo da mil nawa a galan a intanet, fara tambayar galan ɗin wa. Na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546. Ninka lambar Amurka da 0.425, ta Ingila da 0.354, ka samu kilomita a lita. Mota ɗaya tana iya zama 30 a bakin Bature ɗan Ingila, 25 a bakin Ba'amurke, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Lambobin kamfani dai a ɗakin gwaji ake samo su, babu lodi, babu gargada, babu ƙurar hunturu. Su kansu Turawan sun sauya tsarin gwajinsu a 2017 saboda tsohon ya yi nisa da abin da direbobi ke gani a hanya. Amfanin lambobin bai wuce su nuna maka wace mota ce a gaba sa'ad da suke sababbi ba.

Mataki na biyar: mayar da shi naira, sannan ka raba da buhu

Mu ɗauka lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi, kai ka sa farashin ranar. Mota ta farko tana cin naira 111 a kilomita, ta biyu 95. Idan kana yin kilomita 2,000 a wata, ta farko za ta sha lita 222, ta biyu 190. Tazarar lita 32 ce kowane wata.

Kafin ka yanke hukunci, dubi bodi. A ce ta farko gida ɗaya ce mai dogon bodi, tana ɗaukar buhu 20, ta biyu gida biyu ce, 14 kawai ke shiga lafiya. A tafiyar kilomita 100, ta farko ta ci naira 11,100, kowane buhu ya tashi a 555. Ta biyu ta ci 9,500, kowane buhu ya kusa 680. Wadda ta fi shan gas ita ce ta fi araha ga mai jigila. Ga mai zirga-zirgar duba gona da ma'aikata huɗu kuwa, ta biyun ce tasa. Wannan shi ne abin da gardamar tasha ba ta taɓa kaiwa gare shi, kuma a ganina shi ne ainihin tambayar.

Haka za ka yi idan zuciyarka tana rawa tsakanin gas da Hilux mai fetur 2.7 da ta cika gari. Litar gas ta fi ta fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, injinsa kuma ya fi matse iska, don haka yana kai ka nesa. Amma famfo ne ke yanke hukunci. Idan awonka ya ba ka 10 a ta gas, 7.5 a ta fetur, to gas yana da riba muddin farashinsa bai haura na fetur da kashi ɗaya cikin uku ba. A ce fetur 900 ne, gas 1,100: naira 120 da naira 110 a kilomita. Gas ya kai 1,200, sun yi kunnen doki. Farashin yana motsi, musamman tun da matatar Dangote ta fara fitar da gas a 2024, saboda haka a riƙa sabunta lissafin.

Idan amsar ta zo da abin mamaki

Motar da ta sha fiye da sa'o'inta, sau da yawa rashin lafiya take gaya maka. Fara da mai arha. Ciro eya kilina, wato matatar iskar inji, ka ɗaga ta a rana, idan haske ba ya ratsawa, ƙura ta toshe ta, inji yana shaƙewa, shi ya sa salansa ke fitar da baƙin hayaƙi. Bayan doguwar tafiya kusantar da hannu kusa da kowace taya, wadda ta fi sauran zafi birkinta yana kamawa. Dubi yadda taya ke cinyewa, idan gefe guda ne saitin ƙafa ya tafi. Leƙa ƙarƙashi da safe ko akwai ɗigo. Tatse ruwan da ke taruwa a gindin filtar gas. Sai duk waɗannan sun fita sannan a je ga nozul da injekta.

A nan tsoho da sabon inji suke rabuwa. Irin su 5L da 1HZ ba su kai sababbi tsimi ba, amma suna haƙuri da gas maras kyau kuma kusan kowane bakanike ya san su. Irin su D-4D suna fesa gas da ƙarfin da ya haura bar 1,000 a ma'aunin matsi, alhali iskar tayarka ba ta wuce bar 2 zuwa 4 ba. Ruwa kaɗan ko gaurayen kananzir ya isa ya cinye nozul, kuma kuɗin saiti guda yana iya haɗiye duk abin da ka tsimta a shekara. Wasu da aka ƙera don Turai suna da matatar hayaƙi a salansa wadda ke son gas mai ƙarancin farar wuta, idan ta toshe ƙarfi ya ragu, sha ya ƙaru. Saboda haka buɗe shafi na biyu a littafin: juye, filta, taya, gyara. Bayan wata shida tara su, ka raba da kilomita, ka ɗora a kan naira ta gas.

Mai shirin saye wanda ba a ba shi mako biyu ba, ya roƙi yini guda. Ce wa dillali, "Alhaji, ni zan zuba gas ɗin, a ba ni ita da direbanka mu je Sakkwato mu dawo." Zuwa da dawowa daga Birnin Kebbi ya kusa kilomita 300, ya isa ya ba ka hoto, in dai an cika tanki da natsuwa.

Ga mai motoci da direbobi kuma, a bar littafin a cikin mota, kowace cikawa a rubuta kwanan wata, lambar mita, litoci, farashi, hanya da lodi, direba ya sa hannu. Idan motar da ta saba ba ka 10 ta faɗo 8, kada bakinka ya riga bincike. Zargin direba da tsotse tanki abu ne mai nauyi, kuma na ga inda aka kori mutumin kirki a kan eya kilina da ta toshe. Kai motar a duba, ka gwada famfo da jarkarka, sannan ka ja ta da kanka cikawa guda a hanyar da ya saba bi, da irin lodin da ya saba ɗauka, ka ajiye lambarka kusa da tasa.